Ƙurar Ɗakin Niƙa da Tattabarun da Na Yi wa Ƙazafi

Mai girma shugabar wannan taro, Magajiyar Garin Barrowdale, Uwargida Cresswell; masu girma kansiloli; dattawan mutanen asali, waɗanda kakanninsu suka riƙe tsibirin nan na Tasmaniya tun kafin namu kakannin su san hanyarsa; likitanmu, Dakta Thillainathan; manajan masana'antar wiwin magani, Mista Ockenden; abokan aikina na ɗakin niƙa; 'yan'uwana 'yan sa-kai na kashe gobarar daji, da kuka cika kujerun baya don ku fi kusa da teburin shayi; maza da mata, manya da yara, barkanku da yamma.

Ina godiya ga majalisa da ta ba ni wannan dama. Ina godiya ga matan coci da suka gasa mana kek. Ina kuma godiya ga wanda ya ajiye mini kujera kusa da abin magana, ko da yake da a bara ya yi mini haka, da sai an raba mu. Sunana Glenys Febey, ga 'yan ƙalilan da ba su taɓa jin tsawata ba.

Magana ɗaya ce ta tara mu. Masana'anta na neman izinin gina ɗakin niƙa na biyu, majalisa kuma na son jin bakin gari kafin ta yanke hukunci. Tun da aka ji sunana cikin masu jawabi, ɓangarori biyu suke sintiri a gidana. Masu son a rufe masana'antar sun kawo mini miya a tukunya, suka roƙe ni in yi tari sosai a gaban jama'a. Masu son a faɗaɗa ta sun kawo mini furanni, suka ce na murmure, na yi kyau kamar ba ni ba. Na shanye miyar, na karɓi furannin, kuma ina jin yau kowane ɓangare zai koma gida yana ganin ya yi asara.

Magana ta farko ita ce yadda abin ya soma. Shekara talatin da wani abu na yi ina shiga hayaƙin daji, rabinsu ni ce kyaftin. Wasu matan suna alfahari da gashinsu, wasu da lambunsu, ni da huhuna nake yi. Da kamfanin sarrafa dankalin da nake yi wa aiki ya rage ma'aikata, sai na koma masana'antar nan, aka sa ni a ɗakin niƙa. Ni da ko sigari ban taɓa kai wa baki ba, ga ni ina zuba busasshen furen wiwi a inji daga safe har la'asar. Ƙanwar mijina takan tambaye ni ko ina dawowa gida ina dariya ni kaɗai. Na ce mata atishawa nake dawowa da ita.

Ƙurar wurin ba irin ta hanya ba ce. Koriya ce, mai laushi kamar gari, tana kwanciya a gira, a gashi, a cikin kunne. An ba mu takunkumin takarda, amma nawa a ƙarƙashin haɓa ya fi zama, domin yana hana ni surutu. Da farko majina ce da jan ido. Daga baya ƙuraje masu ƙaiƙayi suka fito mini a hannu. Sai tari ya biyo baya, sai ƙirjina ya soma fito in ina numfashi. Wata safiya mijina Merv ya ɗago kai daga jarida ya ce, "Kyaftin, ko dai ki sauke butar shayin nan daga wuta, ko ki je ki ga likita." Na ce masa macen da hayaƙin daji bai kayar ba, ba garin fure ne zai kai ta asibiti ba.

Magana ta biyu ita ce binciken da na yi da kaina, kuma ina roƙon matasa su saurara, don su ga yadda ba a yi. Kun san Merv da tattabarun tsere. Tun kafin ya aure ni yake kiwonsu, kuma ban taɓa tambayarsa wa ya fi so tsakanina da su ba, domin ba na son jin amsa. Na taɓa ji cewa masu kiwon tattabaru kan kamu da ciwon huhu, kuma gaskiya ne, akwai shi. Sai na kafa kotu a kicin: ni ce mai ƙara, ni ce shaida, ni ce alƙali. Na ce, "Ko su, ko ni." Sai ya ce, "To, sai a kai su wurin Alby."

Alby yayansa ne, yana can Gippsland, ƙetaren teku. Muka ɗauki hutu, muka loda kwandunan tattabaru a mota, muka hau jirgin ruwa. Ban daɗe a gidan Alby ba ƙirjina ya washe, ƙurajen suka bushe, na koma hawan tudu ina barin maza a baya. Kullum sai na ce wa Merv, "Ka gani ko? Daga rabuwa da su na warke." Jama'a, a duk tsawon hutun nan, ɗakin da aka zuba tattabarun yana jikin tagar da nake kwana. Da kukansu nake tashi. Ni nake zuba musu hatsi, don in nuna ba na riƙe su a zuciya. Merv ya lura, Alby ya lura, matar Alby ta lura, amma babu wanda ya ga amfanin yin gardama da kyaftin.

Muka dawo gida babu tattabara ko ɗaya. Na koma aiki, mako bai yi rabi ba fiton ya dawo, ya fi na da ƙarfi. Can kuma Alby ya yi saurin buɗe musu ƙofa, yana zaton sun saba da gidansa. Sai ga su suna sauka a rufinmu ɗaya bayan ɗaya, a rame, sun ƙetaro teku don su dawo gidan da aka kore su. Ba duka suka iso ba. Akwai wata tsohuwa mai ruwan toka, wadda Merv ya yi rainonta a tafin hannunsa tun tana tsako. Ya daɗe yana fita bayan gida da yamma yana duban arewa. Ba ta zo ba, kuma har yau bai ce mini komai a kanta ba.

Magana ta uku ita ce ranar da ƙurar ta gaji da yi mini kashedi. Ranar Juma'a ce, ranar share injuna, kuma a lokacin da mesar iska muke hure ƙurar daga jikinsu, domin ya fi sauri. Ɗakin ya yi duhu da ita. Na ja numfashi, ya shiga, ya ƙi fita. Na sake ja, babu wurin da zai shiga. Na shiga wuta iri-iri, amma ban taɓa sanin tsoro irin na wannan lokaci ba. Ina so in kira taimako, ni da ake jin muryata daga nan har filin ƙwallo, amma ko sautin sauro ban iya fitarwa ba.

Abokiyar aikina Losaline, 'yar ƙasar Tonga, mai 'ya'ya uku a makarantar garin nan, ita ta gan ni na durƙusa. Ta saɓa ni a kafaɗa kamar buhun dankali ta yi waje da ni, tana cewa, "Inna, kar ki mutu a hannuna, ban san me zan gaya wa Merv ba." Waɗanda suka zo da motar asibiti kuwa, ni na koya musu agajin gaggawa, ni na sha yi musu faɗa kan nawa. Ɗayansu, yana sa mini abin shaƙar iska, ya ce, "Kyaftin, yau dai sai ki yi shiru ki bi umarni." Na so in ba shi amsa, babu hali.

Da na farfaɗo, Dakta Thillainathan ya soma da tambaya ɗaya: yaushe nake samun sauƙi? Na ce ranar Lahadi, da lokacin hutu. Ya ce yaushe yake tsananta? Na buɗe baki zan ambaci tattabaru, sai na rufe. Gwaji ya nuna asma ce, kuma ƙurar wiwin ce ta jawo ta. Ya ce, "Uwargida Febey, jikinki ya riga ya ɗauki ƙurar nan a matsayin abokiyar gaba. Yanzu ko kaɗan kika shaƙa zai tayar da yaƙi. Da kin zo tun lokacin majina da ƙaiƙayi, da wataƙila ba mu kai nan ba." Ɗakin niƙa ya haramta gare ni, bakin wuta ma haka. Yanzu idan gobara ta tashi, ina zaune a tashar kashe gobara da rediyo a hannu, ina yanka burodi, ina gaya wa mutane abin da suka riga suka sani.

To, masu girma kansiloli, ga abin da na zo da shi. Ban zo in ce a rufe masana'anta ba. Maganin da take yi yana sauƙaƙa wa masu ciwo, aikin da take bayarwa yana riƙe iyalai a garin da matasa ke gudu. Amma ban zo in ce a ba da izini haka kawai ba. A ba da shi da sharaɗi. A sa na'urar zuƙe ƙura a bakin kowane inji, a tsohon ɗaki kafin sabo. An daina hure ƙura da mesar iska tun faɗuwata, na yaba, to a haramta shi har abada, a haramta shara da tsintsiya ma, a riƙa zuƙewa ko gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. A ba kowa takunkumi na gaske wanda aka gwada a fuskarsa, amma kada a jingina da shi, domin akwai masu surutu irina a kowane ɗaki. Likita ya riƙa duba ƙirjin ma'aikata tun suna lafiya. Wanda kuma ya soma atishawa, ko ido ya yi masa ja, ko fata ta soma ƙaiƙayi, a sauya masa wurin aiki, kada a nuna masa ƙofa.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi, kuma shi ya sa na yarda na tsaya a nan ana dariyata. Losaline tana ɗakin niƙa har yanzu. Makon jiya ta zo gaishe ni da riga mai dogon hannu, ana zafi. Na ce ta naɗe hannun, ta ƙi. Na ce ni da ta ɗauka a kafaɗa babu sauran sirri tsakaninmu. Ta naɗe, sai ga ƙurajen nan da na sani. Ta ce, "Inna, in na faɗa aka sallame ni, wa zai riƙe yaran?" Ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu a ɗakin nan da suke haɗiye tarinsu tun da aka fara taro. A bakin ƙofa ɗazu Losaline ta ba ni izinin ambaton sunanta, bisa sharaɗi ɗaya: in nemo mata amsa a gaban gari.

Mista Ockenden, kai mutumin kirki ne, ka zo duba ni a asibiti har da inabi. Ina tambayarka a gaban Magajiyar Gari da kansiloli: ma'aikacin da ya zo ya ce ƙurar nan tana damunsa, zai rasa aikinsa? Na ga ka girgiza kai. Na gode, amma na baya ba su gani ba, ka miƙe ka faɗa da baki. Zan jira, dama ina buƙatar in huta.

Kun ji. Ya ce ma'aikacin ba zai rasa aikinsa ba. Magajiya, ina roƙon wannan ya shiga cikin sharuɗɗan izini. Losaline, likita yana nan a layin gaba, kuma ba zai tafi ba sai ya sha shayi.

Allah ya ba shugabanninmu basirar yanke hukuncin da zai amfani gari. Allah ya tsare masu shiga ɗakin niƙa, ya tsare masu shiga wutar daji, ya mayar da kowa ga iyalinsa da numfashinsa cikakke. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu taurin kai mazaje da mata masu haƙuri. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Na gode.