Ranar Da Ɗana Ya Hana Kakarsa Yi Masa Fulatanci

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni tela ne a Birnin Kudu, amma a rugarmu ta wajen Dingaya aka haife ni.

Watan jiya mahaifiyata ta zo mana kwana biyu. Ɗana Sadiku, mai shekara tara, ya taso daga makaranta tare da abokansa, sai ta tare shi a ƙofar gida tana yi masa kirari da Fulatanci, kamar yadda ta saba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki riƙa yi min Hausa a gaban mutane, dariya suke min."

Tsohuwa ta juya ta koma ciki.

Na kira shi zan yi masa faɗa, sai ya ce, "Baba, ai kai ma idan Inna ta kira ka kana shago, sai ka zagaya baya kake amsa wayar."

Wallahi gaskiya ya faɗa. Ashe a wurina ya koya.

Yanzu a gaban kowa nake amsa mata da Fulatanci. Amma jiya da ta kira daga ruga ta gaisa da shi, Hausa ta yi masa. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: ta yaya zan gyara abin da na ɓata? Inna, in kina kusa da rediyo, laifina ne, ba nasa ba. Ki dawo masa da kirarinsa.