Ranar da Na Tambayi Surukina Abin da Ba a Tambaya

Ƴan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu lafiya ya tara mu a nan. Ni ce Saratu ta wajen Cadawa. Kun san bakina ba ya ajiye magana, to yau ma ba zan ɓoye kome ba, har da wautata.

Shekarar da ƙasarmu ta samu mulkin kai, ina goyon ɗana na biyu, ciwon ciki ya kama ni a gefen hagu, ƙasan cibiya. Wayyo! Birgima na yi ta yi a tsakar gida, jikina zafi zau, har maƙwabta suka cika gidan. Maigidana ya kai ni asibitin mishan. Likitan, wani Bature mai karyayyar Hausa, ya ce wasu ƴan jakunkuna ne ke fitowa a jikin babban hanji, ɗaya ta kumbura ta tara mugunya. Ya ce, "Wannan ciwo ya fi kama tsofaffi, ke kuwa yarinya ce." Kwana bakwai ina shan allura da kunu, na dawo gida da ƙafata. Daga ranar na ɗauki kaina gwanar wannan ciwo.

Bayan damina biyu, lokacin cirar gyaɗa, maigidana ya tafi Gidan Rumji gaisuwar mutuwa. Ya bar ni da iyayensa, Baba da Inna. Baba Musulmi ne, dattijon kirki, bai taɓa tsangwama ta a kan addinina ba. Amma kun san kunyar surukai. Shekara tara ban ɗaga ido na dube shi ba, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba.

Sai na ga akushinsa yana dawowa da tuwo ba a taɓa ba. Na hango shi ya tashi daga alwala dafe da gefen hagu. Nan take na gane. Amma ku ji abin da gwanar ta ce! Na ce wa Inna, "Irin nawa ne, sai dai nasa ƙarami. Ni ai ihu na yi ta yi, shi kuwa ko nishi babu, kin ce ma jikinsa ba zafi. A dama masa kunu, zai wuce." Haka na cinye wa tsohon nan kwana uku da bakina.

Rana ta huɗu ya yi sallar azahar a zaune. Da Inna ta kai masa ruwa, sai ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Ina bakin turmi, na ji da kunnena. Na ajiye taɓarya, na durƙusa nan cikin dusa, na ce, "Ya Yesu, ban san abin yi ba. Ka nuna mini!"

Ƴan'uwa, ban ji wata murya daga sama ba. Maganar likitan ce ta dawo mini, cewa ciwon tsofaffi ne. Na gane na auna jikin mai shekara saba'in da jikina. Na kuma gane abin da ya fi wannan muni: na ƙi matsawa kusa da shi ne don kada a ce ba ni da kunya. Sunana nake karewa, ba ransa ba.

Na miƙe, na tuɓe takalmi a ƙofar ɗakinsa, na shiga na durƙusa. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Yaushe rabonka da bayan gida?"

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ke Saratu, kanki ɗaya kuwa? Surukin naki?"

Na ce, "Inna, ki zage ni gobe, zan tsaya ki gama. Yau dai sai ya faɗa mini."

Baba ya juya fuska wajen bango, sannan ya ce, "Kwana biyar." Na sa Inna ta taɓa cikinsa. Ta ce ya yi tauri kamar dutsen niƙa.

Ranar kasuwar Agiye ce, motoci na wucewa. Na fita a guje na tsaya tsakiyar hanya, na tare wata babbar motar gyaɗa. Direban ya leƙo, "Ke, mahaukaciya ce?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, har sai ka ɗauki tsohona!" A kan buhuna muka kwantar da shi har asibitin mishan.

Likita ya duba shi, ya ce jakar ta riga ta fashe, sai an yi aiki. Na ce yaya haka, bai ko yi kuka ba? Ya ce, "Jikin matashi yana kururuwa, na tsoho shiru yake yi har abu ya ɓaci. Kuma ba shi da ƙarfin jure wuƙa irin naki. Ban yi miki alkawari ba." Muka zauna a ƙofar ɗakin aiki, Inna da carbinta, ni da hawayena, ina cewa, "Ubangiji, kada ka bar wautata ta kashe shi."

Halleluya! Baba ya farka! Abin da na warke a kwana bakwai, shi ya ci masa wata guda da rabi, ya rame ƙwarai. Amma da ransa ya dawo gida, ya kuma ga damina goma sha ɗaya bayan nan.

Ranar da muka dawo, na kai kunu na ajiye a bakin ƙofa kamar kullum, na juya zan tafi. Sai na ji ya ce, "Saratu." Na tsaya cak. Ya ce, "Ɗiyata, shigo ki zauna." Ya ɗauki ƙwaryar ya sha a gabana, har ya shanye.

Na gode wa Yesu da ya ceci Baba daga mutuwa, ni kuma ya cece ni daga girman kai. Ku dogara gare shi, ba ya barin mai kira. In kuma tsohonku ya mayar da akushi cike, kada ku jira ya yi kuka, don ba zai yi ba. Ku tuɓe takalmi ku shiga ku tambaya. Amin!