Ƙarar Baƙin Hadari

Shugabar wannan ƙungiya tamu ta masu karatu, Uwargida Winifred Outhwaite; Rabaran Iveson, wanda ya rufe coci da wuri don kada shayi ya wuce shi; marubuciyarmu kuma maƙwabciyarmu, Maureen Kearton; mai masaukinmu Mista Hedley Sunter, wanda na hango can bakin ƙofa, hula a kai, makulli a hannu; mahaya na jiya da na yau, masu horar da dawaki, masu share barga, da sauran jama'ar Middleham, barkanmu da yamma.

Godiya ta farko ga wadda ta ɗora mini nauyin tattara ra'ayoyinku a kan littafin bana, "Kofin da Bai Huce Ba". Godiya ta biyu ga Hedley, wanda shekara da shekaru ya bar mana wannan ɗaki na saman bargarsa muna taruwa, muna karatu, dawaki na haniniya a ƙarƙashinmu. Kowa a nan ya san cewa ya rantse yau ne zamanmu na ƙarshe, da an watse zai kulle ya tafi da makullin. Kuma kowa ya san babu wani ɗaki a garin nan da zai ɗauke mu, sai mashaya, inda ba a taɓa gama babi ba. Hedley, ka yi mini haƙuri kaɗan, zan iso kanka.

Na farko, jama'a, littafin nan ya kama mu! Ya kama mu a gado, ya kama mu a kan sirdi, ya kama mu a layin gidan burodi. Labarin mace ce mai hura gilashi, wadda ke yin kofin babban tseren shekara, ta buɗe shagonta da safe ta iske likitan dabbobi kwance matacce gaban tanderu. Wa ya kashe shi? Uwargida Outhwaite ta ƙona abincin rana a kan wannan tambaya. Rabaran ya ce mini, "Desmond, na hau mumbari da littafin a aljihu, kuma Allah ya gani, wa'azin ranar bai yi tsawo ba." Mun gani, Rabaran, mun kuma gode wa Maureen.

Na biyu, batun gilashi. A nan kan masu karatu ya rabu. Akwai waɗanda suka ce ba su taɓa sanin rairayi zai narke ya zama kamar zuma a bakin bututun ƙarfe ba, a hura shi, a juya shi, a sa shi ya huce a hankali don kada ya tsage. 'Yar'uwar shugaba ta je shagon Maureen, wadda ita ma hura gilashi ne sana'arta, ta ce sai ta gwada. Ta dawo da wani abu da ta ce tulun fure ne, girarta ɗaya kuma wuta ta lashe, har yau ba ta dawo ba. Akwai kuma tsohon mahayinmu Clive Alderson, wanda na tambaya yadda ya ga babukan gilashin. Ya ce, "Wane gilashi?" Na ce, "Clive, rabin littafin ke nan." Ya ce, "To shi ya sa na gama da wuri. Ni inda babu doki tsallakewa nake yi, aikina ke nan tun ina yaro."

Na uku, kuma shi ne ya tara mu har wasu na tsaye. Wanda ya yi kisan a littafin wani mai horar da dawaki ne, Garth: mai jar hula, mai ɗingishi a ƙafar hagu, mai yi wa ƙofar barga tsawa idan ta ƙi buɗewa. Ba zan ce ya yi kama da kowa ba. Zan dai ce da littafin ya fito, garin nan kaf ya daina kallon Hedley a ido, ya koma kallon hularsa.

Da labarin makulli ya iso gare mu, aka tura ni in ba shi haƙuri. Na tafi da dogon bayani a bakina, cewa adabi madubi ne, cewa marubuci yakan ari hanci a nan, ya ari kunne a can. Na same shi yana duba kofaton wata goɗiya. Na ce, "Hedley, babu wanda ya ɗauke ka mai kisan kai." Ya ɗago ya ce, "Kisan kai? Wa ya damu da kisan kai? Likitan nan na littafi ni ma da na samu sarari da na shaƙe shi, bai san aikinsa ba." Na ce, "To mene ne?" Ya ce, "Kai malamin makaranta, ka karanta tseren kuwa? Dokina ya zo na biyu! Na biyu, Desmond! Kuma wa ya cinye shi? Goɗiya daga Malton, garin abokan hamayyarmu! A gabana yarinyar nan ta girma, ni na ɗora ta kan doki na farko, ta tashi rubuta littafi ta ba Malton kofi?"

Jama'a, na yi karatu daidai gwargwado, amma ban taɓa cin karo da wannan reshe na nazarin adabi ba.

To ashe ba shi kaɗai ba ne. Da na zagaya jin ra'ayi, sai na tarar rabinku ba su gano mai kisan ba sai a shafin ƙarshe, amma kowa, kowa da kowa, har da Rabaran, ya ga abin da ya faru bayan shingen ƙarshe tsakanin Ruwan Zuma, goɗiyar Malton, da Baƙin Hadari, dokin Garth. Ga abin da Maureen ta rubuta: "Ruwan Zuma ta karkato hagu, kafaɗarta ta daki kafaɗar Baƙin Hadari, ya yi tuntuɓe, ta wuce shi da tsinin hanci." A ko'ina cikin duniya wannan jimla ce mai daɗi. A Middleham laifi ne.

Saboda haka ranar Talata, Hedley, ba da saninka ba, kwamitin ƙungiyarmu ya zauna kamar yadda alƙalan tsere ke zama idan an kai ƙorafi. Clive ya tsaya wa Baƙin Hadari. Aka kira Maureen shaida. Ta ce, "Haba Anti Winifred, ni fa ƙirƙirar su na yi, babu dokin, babu goɗiyar." Shugaba ta ce, "Ba a tambaye ki ko akwai su ba, 'yar nan. Ta dake shi ko ba ta dake shi ba?" Ta ce, "Ta dake shi, amma don jimlar ta yi kyau." Clive ya ce, "Ni ma duk wanda na taɓa daka don abin ya yi kyau ne, kuma sai da aka dakatar da ni."

Rabaran ne ya so ya ɓata lamarin. Ya ce a littafin haushin faɗuwa ne ya kai Garth ga kisa, to in doki ya ci, ai babu dalilin kisan, sai a wanke mutumin. Maureen ta dafe kai ta ce a bar mata gawarta, littafin zai rushe. Shugaba ta buga cokali a kofi ta ce, "Kisa ba huruminmu ba ne. Mu tsere muke dubawa."

Ga hukunci, kuma an umarce ni in faɗe shi da ƙarfi. An karɓi ƙorafi! An mayar da Ruwan Zuma ta Malton matsayi na biyu! Baƙin Hadari ne ya ci tseren! Garth yana nan a mai kisan kai, amma daga yau mai kisan kai ne da ya ci kofi.

Kuma tunda babu nasara ba kofi, Maureen ta hura wuta, ta hura gilashi, ga shi nan ƙarƙashin mayafin da ke gaban shugaba. Wannan ya huce, na taɓa shi da kaina. Hedley, matso. Ku ba shi hanya, ku dakata da tafin sai ya iso tukuna. Kun ga ya cire hula? Ni ban taɓa ganin saman kansa ba sai yau. A hankali, kofin nan hannu biyu yake so, ka ajiye abin da ke hannunka a kan tebur. Yauwa. Shugaba, ga makulli nan kusa da ke, ki sa shi a jaka kafin ya tuna.

Allah ya bar mu tare a wannan ɗaki. Allah ya kiyaye mahayanmu daga faɗuwa, ya kiyaye dawakinmu daga karaya, ya mayar wa mai gira girarta. Allah ya ƙara wa Maureen numfashi da basira, ya kuma nuna mata, kafin ta fara littafi na biyu, garin da ya kamata ya ci tsere. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Na gode.