Kaset ɗin Yaya Sanda

A rumfar wani mai gyaran rediyo a Doka, wani saurayi rungume da rikoda ya zauna kusa da wani dattijo, suna jiran layi.

"Samari, me ya sami rikodar?"

"Baba, jan kaset take yi. Na saita jitata daidai da usur ɗin da ake busawa don saita tsirkiya, amma in na bi kiɗan kaset ɗin sai in ji shi ƙasa da nawa. Zuwana na uku ke nan."

"Kowane kaset haka take masa?"

"A'a, guda ɗaya ne kawai."

"To lafiyarta ƙalau. Shekara ashirin na yi ina busa a badujalar soja. Wa ya kaɗa jitar da ke cikin kaset ɗin?"

"Yayana Sanda. A ɗakinmu ya ɗauka, kafin ya rasu bara."

"Allah ya jiƙansa. Muryarsa mai kauri ce?"

"Sosai ma."

"Shi ya sa. Sassauta tsirkiyar ya yi don ta dace da muryarsa."

"Wayyo. Ni kuwa har kunyar sa wa abokaina nake ji, kada su ce bai iya saiti ba."

"Ajiye usur ɗin nan, ɗana. Shi dai ba zai ƙara hawowa ya same ka ba. Kai za ka sassauta taka, ka sauka ka same shi."