Baba Zai Ƙona Littattafanmu Ranar Juma'a

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sunana Sabi'u daga Ƙarfi, kuma raina a ɓace nake rubuto maka.

Ni ban wuce aji uku a firamare ba. Da littattafan labarin jarumta na koya wa kaina karatu, ina haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena Nura kuwa, ɗan shekara sha huɗu, da ya ga littafi sai ya ce kansa na ciwo. Na miƙa masa wani ɗan siriri, labarin samari biyu da suka bi sawun ɓarayin babur. Wallahi tun da ya fara karanta shi, ko tuwo sai da tsawa yake ci!

Ranar Talata Baba ya bar shi tsaron injin ban-ruwa a fadama. Nura yana karatun littafin, ya kai inda ɓarayi suka rutsa samarin a kango, ya manta da inji, ruwa ya kwantar da dashen tumatirinmu kaf.

Baba ya tattara littattafan a buhun taki, ya ce, “Ana saukowa daga Juma'a zan ƙyasta musu ashana.”

Na ce, “Baba, shekara nawa kana dukansa ya yi karatu, ya yi?”

Ya ce, “Rufe min baki, mara kunya! Takarda za mu ci bana?”

Malam, ku da masu sauraro ku ba shi baki, don ni da na buɗe nawa sai magana ta lalace. Baba, na san rediyonka na gefenka yanzu. Ka yi haƙuri, ni zan sake dashen da hannuna. Amma ka bar Nura ya ƙarasa, shi ne littafin farko da ya taɓa kaiwa tsakiyarsa.