Babu Wanda Ya Kira

Suna zaune a bencin ƙofar ɗakin haihuwa, ana tafka ruwan sama, wutar gari ta ɗauke. Wani mutum sai duba wayarsa yake, tsohuwar da ke gefensa tana kallonsa.

"Ɗana, matarka tana ciki. Ba ta waya za a ba ka labari ba."

"Ba ita ba ce, Mama. Ni ke kula da tashar ruwan famfo. Wuta ta ɗauke, amma babu wanda ya kira ni."

"To ruwan ya tsaya ne?"

"Ina! Kowa na koya masa tada janareta. Duk wata sai na kashe waya na ɓace musu, saboda rana irin ta yau."

"Ga ranar ta zo, sun iya babu kai, shi ne kake jin haushi."

"Ni? Haba Mama! Amma ko gaisuwa ai sa kira."

Wayar ta yi ƙara. Ya miƙe zumbur, baki har kunne.

"Na'am! Me ya lalace? Babu komai? A'a, ba ta haihu ba tukuna."

Tsohuwar ta tuntsire da dariya.

"Zauna, ɗana. Can sun iya, nan ma ita za ta iya."