Kwali Goma Sha Huɗu a Ɗakin Farfesa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar wannan makaranta, malamai maza da mata, 'yan'uwana iyaye, da ku 'ya'yanmu da kuke zaune cikin rigunan kammala karatu kuna ta sharce gumi, ina yi muku barka da wannan rana. Ina godiya ga ƙungiyar iyaye da ta ce in yi magana da yawunta. An rubuto mini jawabi mai kyau, yana cikin jaka, amma ku gafarce ni, ba zan karanta shi ba. Abin da idona ya gani wata biyu da suka wuce har yanzu bai sake ni ba.

Bara, a wannan fili, ɗana ne ya karɓi kyautar ɗalibin da ya fi kowa. Farfesa muke ce masa a gida, don tun yana ƙarami ba ya rabuwa da littafi. Ya samu aiki a wani gari, ya kama ɗaki ɗaya, ni kuwa na tashi haiƙan: tukwane, kwanuka, barguna, labule, da duk takardun da ya tara a shekara huɗu. Kwali goma sha huɗu na ɗaure da hannuna. Kullum na kira shi, sai ya ce, "Lafiya lau, Umma." Bayan wata biyar sai ga waya daga wurin aikinsa, wai ya yanke jiki ya faɗi, an mayar da shi ɗakinsa.

Da na isa gidan hayar, na tarar da wata mata tana shanya a tsakar gida. Na nuna mata ƙofarsa na ce, "Baiwar Allah, yaya mai jiki?" Ta saki baki ta ce, "Au, da mutum a ciki? Wallahi na ɗauka sito ne!"

Jama'a, na tura ƙofa, ta ƙi buɗuwa sai rabi. Innalillahi! Kwalaye jibge har rufi, sun toshe taga, ba iska ba haske, sai wata 'yar siririyar hanya zuwa katifa. Ledojin burodi da biskit ko'ina. Ɗana yana kwance, ya rame har agogonsa yana yawo a hannu. Na dubi kwalin tukwane, ga igiyata, ga ƙullin da na yi, ko taɓa shi ba a yi ba. Na zauna a kan kwali.

Na ce, "Farfesa, me ya hana ka kwance kayan nan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, ɗakin ba zai ɗauke su ba, kuma ban san na ajiyewa da na fitarwa ba. Ko na kwance ma, ban iya dafa komai ba. Kunyar tambaya nake ji."

To, maganata ta farko gare mu ce, iyaye. Wannan aikin hannuna ne. Ni ce duk ranar da ya leƙo kicin nake cewa, "Kai, koma ga karatunka!" Ni na wanke masa, ni na dafa masa, ni na zaɓa masa har rigar sallama da makaranta. Na ɗauka gata nake yi masa, ashe hannuwansa nake ɗaurewa.

Ta biyu gare ku ce, 'ya'yanmu. Ɗakinku na farko ƙarami ne, kada ku cusa masa duk rayuwarku ta baya. Kuma don girman Allah, ranar da kuka sauka, ku buga ƙofar maƙwabta ku gaishe su, ku faɗi sunanku. Wanda ya iya amsa tambayar jarrabawa, ya iya cewa, "Ban iya ba, koya mini."

Ni dai na ce ya haɗa jakarsa mu koma gida. Ya ce, "Umma, in na bi ki yau, ba zan sake iya fitowa ba." Abin ya yi mini zafi, amma gaskiya ya faɗa. Na zauna na kame hannuna, wallahi ban taɓa yin aiki mai wuya kamarsa ba. Shi ya kwance kwalayen, shi ya zaɓa: tukunya ɗaya, bargo ɗaya, littattafai shida. Sauran aka raba wa mutanen gidan, taga ta buɗe. Matar nan mai shanya ta tsaya a kansa ya dafa shinkafa. Ƙasa ta ƙone, sama ba ta dahu ba, gishiri kuwa sai wanda ya gani. Na cinye tas ina hawaye.

Ga ƙanwarsa can a layi na uku, tana ɓoye fuska. Auta, kwali tara na riga na ɗaure miki, kin gan su a bayan ƙofa. Jiya na kwance su duka. In mun koma gida, ke za ki zaɓa, kuma yau ke ce da girki.

Allah ya yi wa karatunku albarka, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya sa a san da ku a duk ɗakin da kuka shiga. Mu kuma iyaye, Allah ya ba mu ƙarfin halin sakin igiya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.